Ƙahon da Ya Ƙi Wankuwa

Abin da ya rage a cikin siririyar kwalbar bai kai ya jiƙa bakin tsuntsu ba. Ta ɗaga ta saitin taga, ta karkata ta, ruwan ya gangaro gefe guda a hankali, fari tas. A kan kanta, can sama, babbar kwalbar da Farfesa ya damƙa mata watannin baya tana zaune wayam, alhali cike take har wuya ranar da ta karɓe ta. Ba zubewa ruwan ya yi ba, ba kuma sace shi aka yi ba. Ita da hannunta ta ƙarar da shi garin wanki.

Shi ya sa a ɗakin gwaje-gwajen ba mai kiran ta da sunan yanka. Mai Wanki suke ce mata, tun tana ɓata rai har ta fara amsawa. Malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata, ta ɗauki hutun ƙaro karatu ta dawo jami'a da girmanta, ga yara a gida, ga tsohuwa tana jinya. Hutun kuwa ya zo gangara. In ta koma hannu rabbana, ta koma ke nan, don ba a ba mutum irin wannan hutu sau biyu.

Aikin a baki ba wuya. Kowace ƙwayar sinadari, komai ƙanƙantarta, ba ta zama shiru. Gaɓoɓinta kullum cikin rawa suke, wannan ta miƙe, waccan ta lanƙwashe. In aka haska ruwa da hasken leza ta cikin gilashi, hasken da ya dawo yakan zo da labarin rawar, sai na'ura ta zana shi a allon kwamfuta: dogon layi mai tuddai, kowane tudu da gaɓar da ta haife shi. Wanda ya iya karatun tuddan zai faɗa maka siffar ƙwayar ba tare da ya taɓa sa ta a ido ba.

Ruwan nata sabo ne. Wani tsohon ɗalibin Farfesa ne ya haɗa shi bayan ya ci kwakwa, ya gama ya yi gaba abinsa, kayan haɗin kuma yanzu ko da kuɗinka ba ka samu. Lissafi ya ce ƙwayar ruwan miƙaƙƙiya ce, kamar hannun da aka miƙe sambal, ya kuma faɗi inda kowane tudu zai tsaya. Duk sun fito, kowa a mazauninsa. Sai dai a tsakiyar layin, a gefen wani babban tudu, wani ɗan ƙaho ya tsiro wanda ba wanda ya gayyace shi.

"Datti ne," in ji Farfesa tun ranar farko. Yana da hujjarsa: daidai inda ƙahon ya tsaya, nan ne ɗaya daga cikin kayan haɗin yake da nasa tudun. Ragowarsa ce ta maƙale. "Ki tace shi."

Tacewar irin tasu ita ce a ɗora ruwa a wuta ya zama tururi, a bi da tururin ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, datti ya zauna a baya. Kowace tacewa da rabon da take ci, kaɗan ya maƙale a bututu, kaɗan ya bi iska. A karon farko ƙahon ya ɗan rusuna, abin da ya cuce ta ke nan, don ya sa mata rai. Daga nan ya kafe. Ta tace, ta sake tacewa. Ta zargi kwalabe, ta wanke su da sabulu, ta wanke da asid, ta gasa su har suka bushe ƙarau. Ta zargi safar hannu, ta zargi iskar ɗakin. Da ta rasa wanda za ta zarga sai ta zargi kanta, wannan kuwa ba ta sha wuyar yarda ba.

Tana nan tsaye a bakin taga Farfesa ya shigo, hannu a baya, ya dubi abin da take riƙe da shi.

"Gobe ki tace shi karo na ƙarshe," ya ce. "In ƙahon ya tafi, alhamdu lillahi. In bai tafi ba, mu rufe zancen. Ba zan sa hannu a kan sakamako mai datti ba, ke ma ba za ki so in sa ba."

"Ranka ya daɗe, in na sake ɗora shi a wuta ba abin da zai rage."

"In bai tsarkaka ba, ragowar amfanin me za ta yi miki?"

Ba mugu ba ne Farfesa. Mutum ne da ya ga ɗalibai da yawa sun yi murna da datti suna zaton sun gano duniya, har ya daina tausaya wa kowane ƙaho. Ta ce to. Ta toshe kwalbar, ta mayar da ita firiza inda take kwana, ta haɗa gilasan tacewa a kan tebur don gobe. Tsoro take ji, tsoro na gaske.

Washegari ita ce ranar da za a cire wa Inna bandeji. An yi mata aikin cire yana a ido ɗaya, ɗayan kuma dama dishi-dishi yake gani, baban yara kuwa ya yi tafiyar aiki, don haka ba mai kai ta asibiti sai 'yarta. Tana ɗaura mata mayafi Inna ta laluba ta kama hannunta, ta shafa bayansa.

"Wannan hannun mace ne ko bayan kada?"

"Sabulu ne, Inna."

"Wai har yanzu ɗigon ruwan nan ne? Ni abin da ya fi ba ni mamaki, ke aka ba riƙon gilashi. Ke da ba a ba ki riƙon ƙwai. In na aike ki da kwano, murfin ne kawai yake dawowa lafiya."

Inna ta yi dariya, kamar yadda ta saba duk sanda ta ba da labarin, ta ba shi kuwa ya fi a ƙirga, a gaban baƙi da surukai da jikoki. Ba ta taɓa sanin yana yi wa 'yarta zafi ba. Mai Wanki ta yi ɗan murmushi ta ce su tafi kada layi ya yi tsawo.

Layin ya riga ya yi tsawo. Asibitin yana tsallaken titi da jami'ar, sai ta zaunar da Inna a benci, ta roƙi nas ta kira ta a waya in an kusa zuwa kansu, ta tsallaka da sauri-sauri gudu-gudu. Al'adar ɗakin gwaje-gwajen ce a auna ruwa kafin a tace shi, a kuma auna bayan an tace, don a ga abin da tacewar ta yi. Na'urar ɗaya ce tal, bi da bi ake hawa. Ta iske Dogo a kai, wani ɗalibi mai tsawon da sai ya duƙa yake shiga ƙofa, ya cinye lokacinsa ya shiga nata.

"Yi haƙuri, Mai Wanki, saura ƙiris."

Ƙiris ɗin Dogo kuwa sai wanda ya jira ya san tsawonsa. Ita kuma da ta shigo, maimakon ta fara fito da kwalbarta, hankalinta ya tafi ga gilasan tacewa, ta ga kamar ƙura ta sauka a kansu cikin dare, ta tsaya gogewa. Sai da Dogo ya tashi daga kujera ta tuna ruwan yana firiza.

Akwai doka a ɗakin, Farfesa da kansa ya manna ta a jikin bango: ba a sa kwalba mai sanyi a na'ura. Gilashi mai sanyi gumi yake yi, gumin ya dushe haske, in ya ɗiga a idon na'urar kuma sai an kira mai gyara daga nesa. Dole a jira kwalba ta huce. Duk ɗakin ba mai bin wannan doka kamar Mai Wanki. Ita in wasu sun jira kaɗan, sai ta ninka. Yau ta fito da kwalbar, ruwan ya daskare fari kamar kakin kyandir. Ta dubi agogo, ta dubi wayarta, ta dubi mai bi mata a layi yana leƙe ta ƙofa. Ta ce a ranta, ai awon ban kwana ne, me ya rage a lalata? Ta goge kwalbar da gefen farar rigarta, ta naɗe gindinta da auduga, ta zura ta, ta rufe murfi.

Layin ya fara zanuwa daga hagu. Tuddan suka fito ɗaya bayan ɗaya, sirara, masu tsini fiye da yadda ta saba gani. Ya zo tsakiya, ya hau babban tudun, ya sauko, ya wuce sumul.

Babu ƙaho.

Ba murna ta fara zuwa mata ba, abin da ya fara zuwa shi ne: shi ke nan, na ɓata na'urar Farfesa. Ta buɗe firiza ta duba ko kwalbar wani ta ɗauka. Tata ce. Ta dawo ta sake danna awo. A karo na biyu wani ɗan ƙululu ya ɗago a gefen babban tudun. A na uku ya yi tsawo. A na huɗu ga ƙahonta nan tsaye cas, kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba. Ta ɗaga murfi. Kakin ya narke, ya koma ruwa.

"Mai Wanki," in ji Dogo daga bayanta, jakarsa a kafaɗa, "abin da nake gani kike gani?"

Kafin ta amsa waya ta yi ƙara. Ta mayar da kwalbar firiza, ta nuna Dogo da yatsa.

"Ko kallon ta kada ka yi. Kada kuma ka faɗa wa kowa."

A bencin asibitin ta matsa kusa da Inna, jikinta yana nan, hankalinta yana tsallaken titi. Kwalbar a toshe take, ba abin da ya shiga, ba abin da ya fita. To ina dattin ya je, daga ina kuma ya dawo? Mutanen bencin sun matsu kafaɗa da kafaɗa, kowa ya miƙe hannuwa a kan gwiwa. Nas ta kira mutum biyu, wuri ya samu, nan take wata mata ta naɗe hannu a ƙirji, wani dattijo ya yi tagumi. Sai ta tuna ajinta. Duk shekara, in za ta koyar da bambancin daskararre da ruwa, takan fito da 'yan matan gaban allo ta ce su matsu. "Yanzu ku ƙanƙara ce." Su tsaya ƙiƙam, hannuwa a miƙe, suna ƙunshe dariya. "To ku saki jiki, kun narke." Da sun saki jiki ba a ƙara samun su a tsayuwa ɗaya, wata ta kama ƙugu, wata ta lanƙwashe gwiwar hannu. Yaran dai su ne, ba a ƙara ko ɗaya ba.

Ƙwayar tata tana da gaɓa a tsakiya. Lissafi ya ce gaɓar ba ta juyawa, amma lissafin ƙwaya ɗaya ya yi wa, ita kaɗai, ba a cikin 'yan uwanta suna gogayya ba.

Aka kira Inna. Likita ya ɓare bandejin a hankali, Inna ta yi ta ƙifta ido, hawaye yana zuba, sannan ta tsayar da kallonta a fuskar 'yarta ta daɗe.

"Ashe haka kika rame. Wa ya ba ki izinin yin furfura ban gama tawa ba?"

Mai Wanki ta yi dariya har da ƙwalla. Aka ba Inna baƙin tabarau da maganin ɗigawa. A bakin ƙofar asibiti ta ce, "Inna, za ki iya tsallaka titi? Ina so in biya wurin aiki kafin mu tafi gida."

"Yau ni da nake ganin titin? Mu je in ga abin da ya cinye miki hannu."

Dogo dai bakinsa ba ya riƙe ruwa. Suna shiga suka iske Farfesa tsaye a gaban na'ura, riƙe da jiƙaƙƙiyar audugar nan da yatsu biyu. Ya ga tsohuwa, ya sassauta fuska, ya gaishe ta da jiki, ya sa Dogo ya kawo mata kujera. Sannan ya juyo.

"Ke ce kika sa kwalba mai sanyi a na'urata?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Ina kuma roƙon ka bar ni in sake, kana tsaye."

Ya dube ta ta saman tabarau. Tun da ta zo ɗakin bai taɓa jin ta roƙi wani abu ba sai ƙarin sabulu. Ya ja da baya, ya ba ta wuri.

Ruwan ya sake daskarewa. Ta goge, ta naɗe, ta zura. Layin ya wuce tsakiya sumul, sannan awo bayan awo ƙahon ya yi ta tasowa a gaban idon Farfesa. Ta faɗa masa abin da take zato: a daskare ƙwayoyin sun matsu, dole kowace ta miƙe, da sun narke sun sami wuri, sai wasu su lanƙwashe a gaɓar tsakiya, lanƙwasassun kuma rawarsu daban. Ƙahon nasu ne.

"Kin yi saurin murna," in ji Farfesa. "Ruwa in zai daskare yakan ture datti gefe. Mai yiwuwa hasken ya faɗa a kan tsakiya mai tsabta, da ya narke dattin ya koma ciki."

Ta riga ta yi wannan tunanin a kan titi, tana riƙe da hannun Inna.

"To kada mu daskarar da shi. Mu bar shi ruwa, mu ɗumama shi kaɗan, mu sanyaya shi kaɗan. In datti ne, a rufaffiyar kwalba yawansa ɗaya ne ko da zafi ko da sanyi. In lanƙwasa ce, zafi zai ƙara yawan masu lanƙwashewa, ya rage masu miƙewa."

Farfesa ya je da kansa ya buɗe wata durowa ta ƙasa, ya tono wani mazaunin kwalba mai igiyar lantarki wanda ake ɗumamawa, ya hure ƙurar da ke kansa, ya miƙa mata.

Abin ya ɗauki lokaci. Inna ta gyangyaɗa ta farka, Dogo ya manta yana da inda za shi. Da zafi ya hau, ƙahon ya ƙara tsawo, babban tudun da ke gefensa ya ɗan rusuna. Suka ƙara zafi, ya ƙara. Suka bar kwalbar ta huce, ƙahon ya sauko, tudun ya koma inda yake, kamar masu ɗaukar kaya biyu suna karɓar wa juna. Mai Wanki ta ɗora zanen da aka yi kafin ɗumamawa a kan na ƙarshe, suka hau juna ba ragi ba ƙari.

Farfesa ya cire tabarau ya goge. Ya ɗaga kai ya dubi babbar kwalbar da ke kan kanta, wayam, ya daɗe yana kallon ta.

"Ni na ce ki tace shi," ya ce a hankali, kamar da kwalbar yake magana. Sannan ya mayar da tabarau, muryarsa ta koma ta kullum. "Ban ce kin ci ba tukuna. Sai an auna a zafi iri-iri, sai an sake lissafi daga tushe, sai na nemi duk hanyar da zan ƙaryata ki na rasa. Amma a kwance gilasan tacewar nan."

"Abin da ya rage zai isa?"

"Haske ba ya shan ruwa. Muddin ba a buɗe kwalbar ba, zai kai ki har ƙarshe. In hutun bai isa ba, ni zan je makarantar taku da ƙafata."

Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta dafa tebur. A ƙarƙashin daɗin akwai ɗan ɗaci, na watannin da ta yi tana dafa abu mai kyau tana aika shi iska, amma ɗacin bai kai ya hana ta numfashi ba.

"Ku nuna mini shi mana," in ji Inna. "Tun ɗazu kuna ta kallon talabijin ba hoto."

Mai Wanki ta zaro kwalbar, ta kawo ta gaban tsohuwar a tafin hannu biyu. Inna ta ɗaga baƙin tabarau kaɗan, ta leƙa da sabon idonta.

"Wannan ɗan ɗigon? Kuma ita kuka ba riƙonsa? Malam, ba ka san ta ba ne. Wannan tana yarinya ko ƙwai ba a ba ta."

"Hajiya, wata da watanni yana hannunta," in ji Farfesa. "Ta juye shi daga gilashi zuwa gilashi ya fi a ƙirga, ko ƙura ba ta bari ta faɗa masa ba. Ga dukkan alama tun tacewar farko tas yake. Da a hannun wani ne, da dattin gaske ya shiga ya rufe mana abin da muka gani yau."

Idon Inna ya bar kwalbar ya sauka a kan hannuwan da ke riƙe da ita, fatar duk ta tsattsage, gefen farata ya yi fari. Da safe ta shafa su a cikin duhu ta yi wasa. Yanzu ta gan su.

"Je ki ajiye shi," ta ce, ba dariya a muryarta. "A hankali. Ai kin iya."

Ta kai kwalbar firiza ta rufe. Da ta juyo ta ga Dogo ya kwance gilasan tacewar ya jera su a bakin famfo, ƙafarta ta nufi wurin ita kaɗai, hannunta har ya kai kan sabulu.

"Ba a yi amfani da su ba, Mai Wanki," in ji Dogo. "Me za ki wanke?"

Ta tsaya tana kallon gilasan, suna ƙyalli a hasken taga. Ta ajiye sabulun. Inna ta riga ta miƙe, ta gyara mayafi, ta miƙo mata hannu, ba irin miƙowar mai neman jagora ba.

"Taho mu je gida in shafa miki mai."